Muhawara: Me ya sa ƙaramin asibitin unguwa yake gagarar masu buƙata ta musamman?

Abu Safiyya (Kano):
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so mu tattauna a kan yadda masu buƙata ta musamman suke samun kulawa a asibitocinmu, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su saki jiki su faɗi abin da suke gani ta ɓangarensu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga ta yadda kowa zai iya amfani da su. Wannan wa'adi ya cika tun Janairun 2024. Ni shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, da keke nake zirga-zirga, saboda haka maganar ta shafe ni kai tsaye. Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da aka tashi zancen lafiyarmu, sai hankalin mutane ya tafi Asibitin Ƙashi na Dala ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kamar gurgu ba ya wani ciwo sai na ƙafa, makaho kuma sai na ido. Alhali mu ma zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da mu, muna fama da hawan jini da ciwon suga, mata daga cikinmu suna ɗaukar ciki suna haihuwa, kuma duk waɗannan a ƙaramin asibitin unguwa ake fara duba su. A ganina, muddin wannan ƙaramin asibitin bai iya karɓar mu ya duba mu yadda yake duba kowa ba, to ba a fara aikin ba tukuna.

Maman Ilham (Kaduna):
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ungozoma ce a wata cibiyar lafiya ta matakin farko, kuma ba zan musa maka ko ɗaya ba. Abin da zan ƙara shi ne, wahalar da ta fi yawa tana cikin ɗaki, bayan an riga an tsallake ƙofa. Gadon da muke duba masu awo a kai dogo ne kuma ba ya sauka, sai an taka ɗan benci kafin a hau shi. Sikelinmu na tsayuwa ne, don haka mace mai keke ba ma iya sanin nauyinta, ga shi kuwa nauyi yana cikin abin da ake bibiya a lokacin goyon ciki. Idan muka ce ta kawo fitsari domin gwaji, ƙofar banɗakin ba ta ɗaukar keke, shi kansa banɗakin na tsugunno ne. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne a auna mata jini a zaune, a ɗan taɓa cikin tana kan keke, a rubuta magani a sallame ta. A takarda an duba ta, amma mu da muka yi aikin mun san ba a yi mata rabin abin da aka yi wa wadda ta gabace ta ba.

Abu Safiyya (Kano):
Allah ya saka da alheri, Maman Ilham, da wannan gaskiya da kika faɗa. Ko ita ƙofar ma da sauran gyara. Wurare da dama an zuba siminti an yi gangara domin keke, amma sai ka tarar ta yi tsaye da yawa, ba mai iya hawa sai an tura shi, saukowa kuma haɗari ce. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, duk tsayin taku ɗaya yana buƙatar tsawon taku goma sha biyu na gangara, tare da ƙarfen riƙewa a gefe. Da za a riƙa kiran mai keke ɗaya ya gwada kafin a biya ɗan kwangila, da an huta da asarar siminti.

Baban Nana (Zariya):
Ina gaishe ku duka. Ni kurma ne, sanƙarau ne ya tafi da jina ina yaro, kuma na yi karatu, shi ya sa nake iya rubuta muku wannan. Mu ba mu da matsala da matakala, da ƙafarmu muke shiga har gaban likita, amma muna iya fitowa ba mu san abin da ke damunmu ba. Tun daga layi ake fara barin mu a baya, domin da baki ake kiran suna, sai mutum ya wuni a zaune an kira shi tun safe bai sani ba. Idan an shiga ɗaki kuma babu tafinta, dole ka zo da ɗan'uwa. Ina roƙon ku ku yi tunani a kan wannan da kyau: akwai ciwon da magidanci ba zai iya faɗa a gaban ƙaninsa ba, akwai tambayar da likita zai yi wa matar aure wadda ba za ta amsa ta bakin surukarta ko ɗanta ba. Abin da ke biyo baya shi ne a ɓoye ainihin ciwon a ce ciwon kai ne, a karɓi maganin da ba shi ake buƙata ba. Sirrin da kowane majinyaci yake da haƙƙinsa, mu ba mu da shi.

Akwai kuma wani abu da masu tsara aiki ba su cika lura da shi ba. Yaren hannu da ake koyarwa a makarantun kurame, irin su Tudun Maliki a Kano, tushensa na Amurka ne, ya shigo ƙasar nan ta hannun Andrew Foster wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da maganar hannu tasu ta gado wadda suke yi a kasuwa da majalisa tun kafin zuwan makarantun. Kurman da ya taso a ƙauye bai shiga aji ba, ita ya sani. Saboda haka idan asibiti ya ɗauko tafintan da ya iya ta makaranta kaɗai, zai yi wa irina amfani, amma tsohuwar da aka kawo daga ƙauye tana nan inda take. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya iya duka biyun, kuma irin waɗannan suna nan a cikin 'ya'yan kurame da malaman makarantunmu.

Alhaji Baban Khalifa (Katsina):
Na karanta bayananku cikin tausayawa. Amma ina da tambaya, kuma da kyakkyawar niyya nake yin ta. Ƙananan asibitoci a jiha ɗaya sun kai ɗaruruwa, da yawansu ko ruwa da wuta ba su da su. Yaushe za a gyara su duka a sa wa kowanne tafinta? Ashe ba zai fi sauƙi ba kowace jiha ta gina asibiti ɗaya na musamman, a zuba masa kayan aiki da ƙwararru, a ce duk mai buƙata ta musamman ya je can kyauta? Gara a yi ɗaya mai kyau da a yi ta alkawarin ɗari da ba za a cika ba.

Maman Sadiƙ (Gusau):
Ni dai ina ganin maganar Alhaji tana da ƙamshin gaskiya. Ɗana shawara ce ta kama shi kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, har yau ba ya zama da kansa ba ya tafiya. Yanzu ya yi girman da goyonsa yake gagarata, kuma mai adaidaita sahu ba ya ɗaukar mu sai na biya kuɗin kujerun duka. Ranar ganin likitan yara daban, ranar gashin ƙashi daban, ranar karɓar maganin farfaɗiya daban, kowace rana da kuɗin motarta da wunin da zan bar sana'ata da sauran yara. Da akwai wuri ɗaya da za a yi mana komai a rana ɗaya, wallahi da na fi kowa murna. Iyaye da yawa da muka fara zuwa gashi tare sun daina, ba don sun gaji da 'ya'yansu ba, kuɗin mota ne ya fi ƙarfinsu.

Dakta Abu Amir (Jos):
Alhaji da Maman Sadiƙ, ina ganin abu biyu ne muke neman haɗawa, kuma ya kamata a raba su. Akwai aikin da sai ƙwararre, kamar tiyatar ƙashi da haɗa ƙafar roba da gwajin ji da aikin ido. Wannan dole a tara shi a manyan cibiyoyi, kuma abin da Maman Sadiƙ ta nema, wato a haɗa wa yaro likitansa da gashinsa da maganinsa a rana ɗaya, tsari ne da shugaban asibiti zai iya yi ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba. Ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari.

Amma asibiti ɗaya a jiha domin dukkan ciwon masu nakasa ba zai yiwu ba, ko don yawansu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Rahoton ya ce wasunsu suna rasuwa da wuri, har da tazarar shekara 20 idan aka kwatanta da sauran jama'a, kuma babban dalilin ba nakasar kanta ba ce, rashin samun kulawar da kowa ke samu ne. Mace makauniya da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauye ba za ta yi tafiyar kilomita ɗari zuwa babban birni ba. Sannan ina tsoron ranar da aka buɗe irin wannan asibiti, sauran za su samu hujjar cewa ku tafi naku.

Akwai kuma laifin da yake namu ne mu likitoci, wanda gini ba ya gyara shi. Idan mai nakasa ya zo da ƙorafi, mukan yi saurin jingina shi ga nakasar. Mai lalurar laka ya ce jikinsa ba daɗi, sai a ce ai dama haka ne, alhali ciwon mafitsara ne ya kama shi ta robar fitsari, ko gyambon zama ne ya fara ci a inda ba ya jin zafi, kuma waɗannan biyun suna kisa idan aka yi sakaci. Mai taɓin hankali ya ce ƙirjinsa na ciwo, sai a ƙara masa maganin barci ba a auna jininsa ba. Wannan a makarantar koyon aikin likita da ta jinya ya kamata a fara gyara shi.

Alhaji Baban Khalifa (Katsina):
Dakta, na gamsu da batun naƙuda da zazzaɓi. Sai dai har yanzu ban ji inda kuɗin gyaran zai fito ba, kuma ba na son mu tashi da fatan alheri kawai.

Barista Ummu Hani (Abuja):
Tambayarka a kan hanya take, Alhaji, kuma amsarta tana cikin dokokin da muke da su tuni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na wannan kuɗi yana tafiya kai tsaye zuwa asusun cibiyoyin da aka zaɓa a mazaɓu domin magani da ƙananan gyare-gyare, wani kason kuma yana biya wa marasa ƙarfi inshora. Faɗaɗa ƙofar banɗaki da sa ƙarfen riƙewa da sayen gado mai sauka ba su fi ƙarfin irin wannan kuɗi ba, idan an sa su a cikin tsarin kashe kuɗin cibiyar. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin masu rauni, ta ambaci masu nakasar jiki da ta ƙwaƙwalwa a cikinsu, tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu da tsofaffi.

Ita dokar da Malam Abu Safiyya ya ambata ta yi magana a kan lafiya ƙarara. Ta ce a ba masu nakasa kulawa ba tare da wariya ba, ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati, ta wajabta wa asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar juna da majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana, ta kuma ce a ba su fifiko a layi. Wanda ya nuna wariya, idan mutum ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, idan kamfani ne ko ma'aikata tarar Naira miliyan ɗaya. An kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020 domin bin diddigin wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, don haka matsin lambar can ya kamata ta fi yawa. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Jigawa sun yi nasu dokokin, abin da ya rage shi ne a ga layin kuɗinsu a kasafin ma'aikatar lafiya.

Malam Na-Dala (Kano):
Ina yi wa kowa sallama. Ni makaho ne, wayata ce take karanta mini saƙonninku, ni kuma ina faɗa tana rubutawa. Barista ta yi bayanin kuɗi, ni kuma zan kawo abin da ba ya cin ko sisi. Na farko, idan na shiga da ɗan jagora, ma'aikaci ya yi magana da ni. Sau tari sai a juya ga yaron da ya riƙo sandata a ce me ke damunsa, alhali ni ne mai ciwon kuma ni ne uban yaron. Na biyu, kafin a taɓa ni ko a soka mini allura a gaya mini, domin ba na ganin hannun da ke tahowa. Na uku shi ne magani, kuma nan ne haɗarin yake. Ana zuba ƙwayoyi kala uku a 'yan ledoji iri ɗaya, a ja layi biyu ko uku da biro a jiki, wanda ni ba ya gaya mini komai. Wata mai ba da magani ta taɓa yi mini dabarar da har yau nake amfani da ita: ta ɗaura roba ɗaya a ledar da zan sha sau ɗaya, biyu a ta sau biyu, sannan ta karɓi wayata ta naɗa mini bayanin da muryarta. Ba ta ɗauki minti biyu ba.

Game da rajistar inshora kuma, ina ba hukumomi shawara su bi ta hannun shugabanninmu na gargajiya. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a garuruwa da yawa, sun san mutanensu gida-gida. Sanarwar da aka liƙa a bango ba ta isa gare mu, ta rediyo kuma ba ta isa ga su Baban Nana.

Maman Hibba (Bauchi):
Yaya Maman Ilham, maganarki ce ta ba ni ƙarfin gwiwar yin magana. Da sanduna nake tafiya, ina da aure da 'ya'ya. Ranar da na fara zuwa awo a wani asibiti, abin da ma'aikaciyar ta fara ce mini a gaban mata shi ne, ke ma da wannan halin wa ya ɗora miki wannan nauyi. Na koma gida ina kuka, kuma na daɗe ban sake zuwa ba, wanda yanzu na san ganganci ne da zai iya jawo mini asarar rai. Daga baya aka ce lallai sai an yi mini tiyata tun kafin a duba ƙuguna, sai da wata likita ta auna ni da kyau ta ce babu abin da zai hana ni haihuwa da kaina, kuma haka Allah ya yi. Ban ce kowace mai nakasa za ta haihu da kanta ba, abin da nake nema shi ne a duba mace kafin a yanke mata hukunci. Haka nan bayanin tazarar haihuwa da gwajin kansar mama da ta bakin mahaifa, ba a cika yi mana su ba, domin an ɗauka ba mu da wannan rayuwar.

Elhaji Na-Maraɗi (Nijar):
Gaisuwa daga Maraɗi. Abin da kuke faɗi duk muna da shi a nan. Muna da gidan likita na Danja kusa da mu, wanda ya daɗe yana kula da masu cutar kuturta, akwai kuma asibitin CURE a Yamai da ke yi wa yara aikin ƙafa da na leɓe. Suna ƙoƙari ƙwarai, amma sun tabbatar da maganar Dakta, domin yaron da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa sai an riƙa sake masa filasta mako-mako na 'yan makonni, sannan ya sa takalmin gyara na shekaru, kuma wanda ke nesa ba ya iya jure zuwa. Da ungozomar ƙauye za ta gane ƙafar tun ranar haihuwa ta tura su da wuri, da an rage guragu da yawa. Su kuma waɗanda suka warke daga kuturta, maganinta kyauta ne, wata shida ko shekara ɗaya ake sha, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Duk da haka idan ya je ƙaramin gidan likita da zazzaɓi, wani ma'aikacin ba ya son taɓa hannunsa.

Maman Ilham (Kaduna):
Maman Hibba, ki yi haƙuri, abin da aka yi miki bai dace da aikinmu ba ko kaɗan. Ba zan kare shi da ƙarancin ma'aikata ba, ko da yake gaskiya ne wani lokaci ungozoma ɗaya ce take kwana da ɗakin haihuwa gaba ɗaya. Akwai abubuwan da na ga zan iya farawa a cibiyarmu ba tare da jiran kowa ba: mu sa alama a katin mai buƙata ta musamman domin a je a taɓa shi idan layinsa ya zo, mu sauko da katifa mai tsabta a ɗaki ɗaya kafin a samu gado mai sauka, mu kuma ɗauki dabarar robar da Malam Na-Dala ya kawo. Batun banɗaki da gangara kuwa sai kwamitin ci gaban mazaɓa ya amince, domin da sa hannun shugabansa ake fitar da kuɗin cibiyar. Suna zama duk wata, kuma ban taɓa ganin mai nakasa ko ɗaya a zaman ba.

Baban Nana (Zariya):
Maman Ilham, idan za a gayyace mu irin wannan zama, a sanar da mu da wuri ta saƙon rubutu domin mu zo da tafintanmu. Kuma ina da malamai biyu da za su iya koya wa ma'aikatanku alamomin da aka fi buƙata, kamar ina ke ciwo, tun yaushe, kafin abinci ko bayan abinci. Wannan ba zai maye gurbin tafinta a babban ciwo ba, amma zai rage kuskure a wurin ba da magani.

Maman Sadiƙ (Gusau):
Barista, don Allah ta ina zan fara idan ina so a sa Sadiƙ a cikin inshorar da kika ambata?

Barista Ummu Hani (Abuja):
Ki fara da cibiyar lafiya ta mazaɓarku da ke karɓar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, ki tambayi shugaban cibiyar lokacin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha take ɗaukar sunayen masu rauni, domin ba kullum ake yi ba kuma gurbin yana da iyaka. Ki tanadi lambar shaidar zama ɗan ƙasa taki da tasa, domin yawanci ana neman ta, tare da katinsa na asibiti da ke nuna lalurarsa. Yana da kyau kuma ki kai sunansa reshen jiharku na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, domin idan an ware musu gurabe ta hannunsu ake yawan bi. Idan an yi masa rajista, ki tambaya a rubuce ko gashin ƙashi da maganin farfaɗiya suna cikin abin da aka ɗauke muku, ki turo mana amsar a nan domin sauran iyaye su san abin da za su tarar.